Battar Inna

Bayan an yi addu'ar bakwai ta kakata, a daminar 1998, mata suka fito da adudunta tsakar gida don a ga abin da ta bari. Zannuwa ne, da saƙi biyu da ta daɗe ba ta ɗaura ba, da mazarinta na kaɗi, da carbi. Can ƙasa aka ci karo da wata babbar batta ta fata da ta yi baƙi don tsufa. Goggona ta girgiza ta, ta yi ƙara. Da aka zazzage a faifai sai ga tsofaffin kuɗi: liyari biyu, da sulalla goma sha ɗaya, da wani zare da aka jera aninai da kwabbai masu huji a jikinsa kamar tsakiya, da wuri cikin tafin hannu, da takardar fam ɗaya an naɗe ta siririya kamar laya. Nan aka shiga tuna Inna, domin har ta koma ga Allah ba ta yarda ta yi lissafi da naira ba. In ka ce mata abu naira biyar ne, sai ta yi shiru ta juya shi a ka, ta ce, "Fam biyu da sule goma ke nan." Magada suka ce tunda kuɗin ba sa kashuwa, ni da nake malamin makaranta in ɗauka in riƙa nuna wa yara.

A daren nan na yi ɓarnar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na ɗebo toka a murhu, na matsa mata lemun tsami, na zauna a bakin rijiya da soso na dirje sulallan ɗaya bayan ɗaya har suka yi fes suna ɗaukar ido. A zuciyata girmama kayan Inna nake yi. Allah ya sa barci ya kama ni kafin in kai ga liyaran da zaren aninai.

Bayan kwana biyu na ɗauki battar na nufi Tsohuwar Kasuwar Sakkwato wajen wani dattijo maƙerin fari, abokin mahaifina, Allah ya jiƙansa. A shekarun da jami'a ke cike da malamai Turawa da Indiyawa ya sha sayar musu da zobba da tsofaffin kuɗi, don haka ya san abin da idonsu ke nema. Ya zazzage kayan a kan buzunsa, ya ɗauki sule guda ya karkata shi wajen haske, ya daɗe yana kallo.

"Wa yaw wanke wanga?"

"Ni na, Baba."

"Kash! Ɗana, ai ka kashe shi. Baƙin ga da kag goge, shi na shedatai."

Ya miƙo mini ɗan madubin da yake duba aiki da shi. Da na kara a ido sai na ga fuskar sulen duk ta yi kunya-kunya, kamar gonar da aka bi da garma. Tokar ta kankare wata fata siririya da ba a iya mayarwa. Ya ce ƙarfe in ya fito daga inda ake buga shi yana da wani sheƙi nasa na asali, shekaru kuma su zo su lulluɓe shi da duhu sannu a hankali, kuma wannan fatar ce masu tara kuɗi ke biyan kuɗi a kanta. Bature in ya ga sule yana walƙiya fiye da kima sai ya ajiye ya ɗauki mai duhu, ko da mai duhun ya fi tsada.

Wanda na fi ji wa ciwo a cikinsu na 1913 ne. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, a 1913 kuma ta fara fitar da kuɗinta na azurfa: taro, da sisi, da sule, da fataka wadda wasu ke ce wa dala. Gaban sulen kan Sarki George na Biyar ne da kambinsa, bayansa bishiyar kwakwar manja. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1920 aka bar ta aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa. Wato sulallan 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kuma tun lokacin maƙera ke farautarsu. Shi kansa Baba ya ce bai san iyakar waɗanda ya narkar ya yi zobba da awarwaro da su ba. Abin da ya tsira daga zuga-zugin maƙera shekara tamanin da biyar, ni na ɓata shi da toka a dare ɗaya.

Sai ya ɗauki liyarin. Bai ko dube shi ba tukuna. Ya ɗora shi a kan yatsa, ya ƙwanƙwasa gefensa da ɗayan. Wata ƙara siririya ta tashi, ta daɗe tana yawo a rumfar kafin ta mutu. Ya zaro wani daga gwangwaninsa ya buga, ya ce ƙwas, ya yi shiru.

"Ka ji ko? Na Inna na magana. Wanga bebe na."

Na gwangwanin jabu ne, an zuba shi da dalma an yi masa fenti. Ya ajiye shi ne don koya wa yaransa na maƙera.

Liyari shi ne kuɗin da ya fi yaudarar mutane a ƙasar nan, kuma yaudarar a rubuce take a jikinsa. Matar nan mai ƙiba da lulluɓi da ke fuskarsa ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Fataken ƙasar Larabawa da Habasha da na wannan yanki namu sun saba da shi har ba sa karɓar wani iri, don haka aka ci gaba da buga shi da shekarar nan ta 1780 ba a sauya ba. An buga a Biyana, daga baya an buga a Landan da Faris da Rum da Bombe, ɗaruruwan miliyoyi. Ya shigo mana ta Sahara tare da ayarin Tarabulus da Agadas, ta Borno, da kuma aljihun mahajjata. Saboda haka duk wanda ya nuna maka 1780 ya ce liyarinsa ya haura shekara ɗari biyu, shekarar kaɗai ba ta isa shaida ba. Yana iya zama an buga shi a zamanin kakanka.

Abin da ba ya ƙarya shi ne sikeli. Liyari na gaske giram 28 ne da ɗan ɗigo, azurfar da ke ciki kashi 833 cikin 1000, wato wajen giram 23 na tsantsarta. In ya sha hannu zai ɗan ragu kaɗan, amma in ka ga ya faɗo ƙasa sosai to ka yi hattara. A kaifin gefensa akwai rubutu da ado masu tudu, waɗanda ɗan jabu mai zubi ba ya iya fitarwa da kyau. Nasa sai ka ga sun cuɗe, wani lokaci har da layin inda bakin zubin ya haɗu. A kafaɗar matar akwai wani maɓalli da aka kewaye da 'yan ƙwayoyi, kuma nan tsofaffin fatake ke kai babban yatsa su shafa; in ƙwayoyin sun shafe sai su rage masa daraja. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, amma wannan gwajin rabi ne, domin ba ya kama tagulla da dalma su ma. In ya kama, jabu ne ba musu. In bai kama ba, da sauran aiki. Farashin liyari na gama-gari kuwa yana bin farashin azurfa na ranar ne da ɗan ƙari a kai.

Ɗaya daga cikin na Inna an like masa kunne, aka zura masa igiya, irin yadda matan Fulani ke ratayawa. A lissafin masu tarawa na ƙasashen waje wannan kunnen aibi ne, yana rage kuɗi. Wani dillali ya taɓa ce mini in kai a cire a goge wurin. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Goggona ta ce da shi aka kai Inna ɗakin miji. Bayansa, inda ya shekara yana gugar ƙirjinta, ya yi sumul har fikafikan gaggafar sun kusa ɓacewa.

Zaren aninan shi ya mayar da ni mai tara tsofaffin kuɗi. Na kwana biyu ina juya su ban san me nake gani ba, sai da na koyi karanta su.

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. A lokacin wuri ne kuɗin kasuwa; ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Daga Tekun Indiya ake kawo shi, daga tsibiran Maldibs da gaɓar Zanzibar, ana ƙirga shi zangu-zangu, wuri 20,000 su tashi keso guda, kayan da sai ƙato ko jaki. Bayan shekara huɗu, a 1907, aka fitar da kwabo da anini na farko. Anini goma ke yin kwabo. An yi shi ƙarami haka da gangan, don ya maye gurbin wuri a cefanen gishiri da daddawa, tunda kwabo ya yi wa irin wannan ciniki girma. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, kuma yana cikin kuɗin farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Bai jure gumi da danshi ba, ya riƙa cinyewa yana yin ramuka, don haka a 1908 aka koma wani farin ƙarfe mai tauri, haɗin jan ƙarfe da nikel. Na alminiyam ana gane shi tun a tafin hannu, domin ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar ka ɗauki ɓawon gyaɗa. Samun mai lafiyar jiki yana da wuya ƙwarai.

Ka ɗauki kwabo mai huji ka duba. A fuska ɗaya kambin sarauta ne a saman hujin, sunan sarkin Ingila ya zagaye baki, a ƙasa kuma an rubuta ƙimarsa da haruffan Larabci don mutanenmu su karanta. A jikin anini za ka ga an rubuta ushurin kwabo ne, da kalmar nan ta ushuri da kowane almajiri ya sani daga babin zakka. A ɗaya fuskar tauraro ne mai tsini shida, da shekara. Daga 1907 zuwa 1911 sunan Nijeriya na cikin rubutun; daga 1912 aka cire shi aka bar Afirka ta Yamma ta Ingila kawai, domin kuɗin na ƙasa huɗu ne: mu, da Gana ta yanzu, da Saliyo, da Gambiya. Wani lokaci akwai ɗan ƙaramin harafi a ɓoye da sai da madubi ake ganinsa, H ko KN, alamar ɗaya daga cikin masana'antu biyu na birnin Bamingam. Wanda ba shi da harafi yawanci na maƙerar gwamnatin Ingila ne. Kwabo biyu na shekara ɗaya suna iya bambanta a farashi saboda wannan ɗan harafi, in ɗaya masana'antar ta buga kaɗan a shekarar. A 1952 farin kwabo ya koma ja. Da Nijeriya ta fitar da nata a 1959 ta bar wa kwabo da ɗari, wato rabin kwabo, hujinsu da tauraronsu, ta sa auduga a taro mai kusurwa 12, koko a sisi, ganyen kwakwa a sule, gyaɗa a fataka.

Sunayen nan ba su mutu ba ko da ƙarfen ya mutu. Muna cewa ba ni da ko anini, ba ni da ko sisin kwabo. Ɗan sanda mai anini biyu a kafaɗa sunan wannan ɗan ƙarfe yake ɗauke da shi. Jaka fam 100 ce, shi ya sa ta zama naira 200; ka tsallaka Illela ka shiga Birnin Ƙonni kuma ka ji jikka sefa 1,000 ce, dala sefa 5.

Na Inna su 43 ne a zaren. Wasu hujinsu ya daina zama da'ira, ya koma kamar ƙwai, inda zare ya shekara yana ci. Ban taɓa kwance zaren ba. Na ƙirga su, na karanta shekarunsu ina matsar da su ɗaya-ɗaya kamar mai jan carbi, na rubuta a littafi. Mafi tsufa na 1919 ne, mafi ƙuruciya na 1959.

Bara, da sanyin safiya, wani tsohon ɗalibina ya yi sallama a gidana na Mabera. Kabu-kabu yake yi yanzu, yana da mata da 'ya'ya biyu. Bayan mun gaisa ya cire hula, ya zaro wata leda daga cikinta, ya warware ninki wajen biyar. Kwabo ne fari mai huji, na 1936, da sunan Sarki Edward na Takwas. Hannunsa na rawa.

"Malam, an ce mini wanga ya kai miliyoyi. Sarkin ga bai shekara bisa gado ba."

Ya nuna mini wayarsa. Wani ne a wani zauren WhatsApp, da hoton mota a fuskar lambarsa, ya ce akwai mai saye a bakin teku, amma sai an tura kuɗin rajista da na maganin gwaji tukuna. Ya riga ya tura sau ɗaya. An ce ya ƙara, kuma ya fara neman mai sayen tunkiyar matarsa.

Abin da ya sa wannan tarko ke kama mutane shi ne rabin maganar gaskiya ne. Edward na Takwas ya hau a watan Janairun 1936, ya yi murabus a Disamba. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi masu hotonsa ba, kuma 'yan ƙalilan na gwaji da suka tsira ana sayar da su da tsadar gaske. Amma kwabonmu mai huji ba shi da wurin hoto, suna kawai ake sauyawa, don haka nan da nan aka buga shi da sunansa, miliyoyi, aka zubo mana. Na shiga ɗaki na ɗauko ambulan, na zazzage masa guda shida irin nasa a kan tabarma. Ya dube su, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ya daɗe bai ce komai ba. Ni ma idona ya cika, domin na san yadda ake tara kuɗin da ya tura, ƙarƙashin ranar Sakkwato, fasinja ɗaya bayan ɗaya.

Ba shi kaɗai ba ne. An sha zo mini da maganar wai tsohon kwabo na da wani sinadari a ciki da ke jan reza ko allura, wai Turawa na nemansa ido rufe. Na ga kwabon da aka yanka biyu a maƙera, ba komai a cikinsa sai ƙarfen da ke wajensa. Kuma a shekaru ashirin da 'yan kai da na yi a wannan harka ban taɓa ganin mai saye na gaskiya da ya nemi mai kaya ya fara tura masa kuɗi ba.

Na zaunar da shi na faɗa masa yadda ake yi wa tsohon kuɗi farashi. Tsufa shi ne na ƙarshe a lissafi. Ana fara tambayar nawa aka buga a shekarar, nawa suka rage, sannan a dubi lafiyar wanda ke hannu: duwatsun kambin na nan a tsaye ko sun shafe, haruffa na da kaifi ko sun kwanta, an wanke shi ko ba a wanke ba, an huda inda ba huji ko an lanƙwasa. Kwabon da bai taɓa shiga kasuwa ba da wanda ya shekara talatin a lalita, ko da shekararsu ɗaya, tsakaninsu kamar sama da ƙasa ne. Sai kuma kuskuren maƙera. Akwai kwabon 1956 da ya fito da sunan Sarki George na Shida, alhali shi ya rasu tun 1952. An haɗa tsohon hatimi da sabuwar shekara. Irin wannan ne ake nema, kuma ba ya ganuwa sai ga wanda ya san wane sarki ke kan gado a wace shekara. Na kuma gargaɗe shi kan farashin intanet: kowa na iya ɗora hoto ya rubuta abin da ya ga dama. Abin dubawa shi ne nawa aka saya, aka biya, aka ɗauka.

Kuɗin takarda kuwa ya fi tausayi, domin shi ba ya jure komai. Fam ɗin Inna sai da na yi mako ina warware shi, kullum ɗan kaɗan, sannan na sa shi tsakanin farar takarda biyu na danne da babban littafi. Ja ne, na fitowar farko ta Babban Bankin Nijeriya, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959. A jikinsa an buga 15 ga Satumba 1958, wato shi ma shekarar da ke rubuce ta riga ranar fitowarsa. Layukan naɗin na nan har yau, kuma sun rage masa daraja a kasuwa sosai. An ce in bi shi da dutsen guga. Guga na kashe tudun tawadar da yatsa ke ji, ya bar takarda da wani sheƙi na ƙarya da masani ke ganewa nan take.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa ta riƙe fam guda har ya mutu a hannunta, a zamanin da fam kuɗi ne masu yawa. Amsar na cikin tarihin canjin kuɗi a ƙasar nan. An sauya takardu a 1965, bayan an zama jamhuriya. An sake sauyawa a Janairun 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta zo, fam ɗaya naira biyu. A Afrilun 1984 aka sauya launuka, aka rufe iyakoki, aka ba mutane 'yan kwanaki. Ina saurayi lokacin, na ga dattawan ƙauye a layin banki da ƙunshin kuɗi a buhun gishiri, wasu sun kwana a wurin. Abin da muka gani a farkon 2023 kowa na tune da shi. Kowane canji sai ya rutsa da tsohuwar da ta binne nata a tukunya, ko Bafulatanin da ke can daji bai ji ba sai an rufe. Yawancin tsofaffin takardun da ke hannuna asarar wani ce. In na buɗe su ina tuna haka.

Takardun naira na farko ba su da shekara a jiki, sai a bi sa hannun gwamnan banki. Clement Isong ya riƙe daga 1967 zuwa 1975, Malam Adamu Ciroma daga 1975 zuwa 1977, Ola Vincent zuwa 1982, Abdulƙadir Ahmed zuwa 1993. Mai sa hannun Ciroma na fi shan wuya kafin in samu mai kyau, shekara biyu kawai ya yi. Naira 20 ta fito ranar 11 ga Fabrairu 1977 da hoton Janar Murtala, shekara guda bayan kashe shi, kuma shi ne ɗan ƙasa na farko da aka sa a takardar kuɗi. Har yau Murtala muke ce mata. A 1979 aka sa Herbert Macaulay a naira 1, Tafawa Ɓalewa a naira 5, Alvan Ikoku a naira 10. Sardauna ya zo a naira 200 a shekarar 2000. Na Biyafara kuwa, da ake yawan kawo mini da ɗoki, fam ɗayansu ya yi yawa a duniya, domin tarin da bai shiga hannu ba ya rage bayan yaƙi.

Waɗanda na fi lallaɓawa su ne ƙananan takardu masu ajami. A Fabrairun 2007 aka cire ajami daga naira 5, 10, 20 da 50, a 2014 kuma aka fitar da naira 100 ta cikar Nijeriya shekara ɗari babu shi. Inna ba ta san boko ba ko harafi ɗaya, amma ta yi allo, kuma da wannan rubutun take gane kuɗinta ba sai ta tambayi kowa ba. Waɗannan takardu ba su da tsada yanzu. Ina ajiye masu tsabta ne don jikokina su ga cewa an taɓa rubuta Hausa haka a kuɗin ƙasa tun daga ƙaraminsa.

Abokan gabar takarda a garin nan gara ce, da danshin damina, da salatif. Wani ya taɓa kawo mini sule goma ta takarda ya kai an manne ta cikin roba da zafi kamar katin shaida. Wannan ta tafi ke nan, ba mai ɓare ta. Ledar nan mai laushi ma ba ta da kyau, in kwabo ya daɗe a ciki sai ya yi wani kore mai danƙo. Ni ambulan ɗin takarda nake sa kowanne, in rubuta bayaninsa da fensir, in jera a akwatin ƙarfe da na ɗora a kan bulo nesa da bango. Ƙarfe a gefe nake kama shi, ba a fuska ba. Azurfa kuma in zan saya hannu da hannu nake yi, ba bashi ba ajiya, kamar yadda malamanmu suka karantar.

Ɗalibin nan nawa bai sayar da tunkiyar ba. Bayan kamar wata biyu ya dawo da yamma, ya jingine babur, ya shigo da gwangwanin madara da ya yi tsatsa. Na kakarsa ne a wani ƙauye wajen Wurno. Ya roƙe ta ta ba shi aro. Abin da ya fara faɗa tun bai zauna ba shi ne, "Malam, ban wanke ba."

Muka shimfiɗa farin ƙyalle muka zazzage. Kwabbai ne na George na Shida da yawa, da taro biyu masu auduga, da maɓallan riga, da wani ɗan makulli. Na ba shi madubi na ce ya karanta da kansa, ni ina rubutawa. Yana cikin ɗauka yana ajiyewa sai ya tsaya, ya auna wani ɗan ƙarami a tafinsa, ya ɗaga shi ya sake saukewa.

"Wanga ba ya da nauyi, Malam."

Anini ne na alminiyam. Gefe ɗaya ya cinye, ya yi fari-fari kamar kanwa, amma sunan Nijeriya na nan, kuma da muka karkata shi wajen hasken ƙofa 1907 ta fito sarai. Na faɗa masa gaskiya cewa a wannan halin ba zai sayi ko tayar babur ba. Ya ce ya ji, ba sayarwa zai yi ba, na tsohuwa ne. Na ba shi ambulan da fensir. Ya rubuta shekarar, ya rubuta sunan ƙauyen, sannan ya ɗago ya tambaye ni ko a sa sunan kakar tasa. Na ce ya sa, da na mahaifinta in ya sani. Bai sani ba, ya ce zai tambaye ta ranar Juma'a in ya mayar mata da gwangwanin.